Wasiƙa zuwa ga aminina kan wani shirin Koriya da ya tsaya mini a rai

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin ƙasar taku, ya kuma karatu? Mu nan sai godiya. Hajiya ta ji sauƙin ƙafar, har ta koma islamiyya, kuma kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo gida.

Ka ce in ba ka shawarar abin kallo idan ka samu hutu. To ga guda, amma ka yi mini uzuri, zan faɗi ƙarshensa, don ƙarshen ne abin da nake son mu tattauna. Sunansa Trolley, tashar SBS ta Koriya ta Kudu ce ta nuna shi daga Disambar 2022 zuwa Fabrairun 2023, kashi 16. Ni da maman yara muka kalle shi bayan sallar isha, idan yara sun kwanta.

Labarin wata mata ce, Kim Hye-joo, wadda sana'arta gyaran tsofaffin littattafai. Za ka gan ta ita kaɗai a ɗan shagonta, ta duƙufa a kan shafin da ya yage, tana shafa gam da ɗan siririn buroshi, tana lallaɓa takardar da hantsaki. Mijinta, Nam Joong-do, ɗan majalisar dokoki ne a Seoul, ɗaya daga cikin 'yan majalisa 300 na ƙasar, tsohon lauya, mutumin da talakawan mazaɓarsa ke yabo. Alƙawari ɗaya ke tsakaninsu: ya yi siyasarsa, amma kada ya fito da ita idon duniya. Tana da dalili. Marainiya ce, kuma tana 'yar makaranta ta kai ƙarar wani yaro ɗan masu hali da ya nemi ya keta mata haddi. Yaron ya kashe kansa, 'yan sanda suka rufe bincike, gari ya juya mata baya, ta zama ita ce mai laifi. Ta sauya suna ta bar garin.

Wannan rufe binciken ba ƙagen marubuta ba ne. A dokar Koriya, idan wanda ake zargi ya mutu, magana ta mutu, babu gurfanarwa. Ka tuna magajin garin Seoul, Park Won-soon, wanda aka tsinci gawarsa a Yulin 2020 jim kaɗan bayan tsohuwar sakatariyarsa ta kai ƙararsa kan cin zarafi? Mutumin nan ya yi suna ne a matsayin lauyan kare haƙƙin jama'a, har da na mata. Da ya mutu aka rufe ƙarar, matar ta sha zagi a intanet, sai a farkon 2021 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce lallai abin da ya yi mata cin zarafi ne. Duk ɗan Koriyar da ya kalli shirin nan dole ya tuna da wannan.

To, Joong-do ya ɗauki ƙudurin gyara wannan doka, yadda za a ci gaba da bincike ko da wanda ake zargi ya mutu. Ƙuduri mai kyau, wallahi. Don ya samu goyon baya sai ya karya alƙawari, ya bankaɗo tsohon ciwon matarsa a bainar jama'a. Ta yi kuka, ta haƙura, ta ce ai don wasu mata ne. Har nan ina tare da shi, ina cewa siyasa ta gaji haka. Sai ga abin da ya karya ni: wata baiwar Allah da ke zaune a gidansu, wadda Hye-joo ta riƙa tamkar yayarta ciki ɗaya, ashe shekaru da suka wuce shi mai gidan ya yi mata fyaɗe. Ta haɗiye abin, tana dafa musu abinci, tana renon 'yarsu, suna cin tuwo a faranti ɗaya da wanda ya cuce ta.

Nan shirin ya samo sunansa, daga wata tsohuwar tambayar masana falsafa: ƙaramin jirgin ƙasa, wato trolley a Turance, ya ƙwace, zai take mutum biyar, idan ka karkatar da shi zai take mutum ɗaya, me za ka yi? Na hannun daman Joong-do, wanda kowace masifa ta faɗo sai ya auna ƙuri'u nawa za ta kawo, irin wannan lissafin yake yi. Idan Hye-joo, da ta gano abin, ta yi shiru, doka ta wuce, dubban mata sun amfana. Idan ta yi magana, ƙudurin na iya rugujewa, aurenta ya mutu, 'yarta ta tashi da tabon uba.

Ta yi magana. Ta tsaya gaban 'yan jarida ta faɗa da bakinta. Da Joong-do ya nufi teku zai hallaka kansa, ta hana shi, don ta san abin da mutuwarsa za ta jawo: a sake rufe fayil, a sake barin wata mata da zargi a ka.

Mun yi gardama da maman yara a kan wannan har dare ya raba. Ita ta ce da matar ta jira doka ta wuce tukuna, sannan ta fasa ƙwan. Na fahimce ta, kuma ba don son mugun ta faɗa ba. Ni dai ban yarda ba. Wanda yake cewa a yi shiru don maslahar jama'a, ka duba da kyau, kusan kullum shi ne wanda shirun zai amfana. Kuma su wa aka tambaya? Lissafin biyar da ɗaya yana da daɗin yi idan ba kai ne ɗayan ba. Ba na ma zaton ƙarya Joong-do yake yi da yake kukan mata a majalisa. Da gaske yake, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ya ɗauka alherin da yake yi a waje zai biya bashin da ya ci a cikin gida, alhali mai bashin tana nan zaune a falonsa, bai taɓa biyan ta ba.

Ba sai na gaya maka inda hankalina ya tafi ba. Mun san "a rufa asiri", mun san "a yi haƙuri, babban mutum ne, yana taimakon al'umma". Mun ga gidajen da aka kira yarinya ɗaki aka ce ta dubi girman iyayenta, shi kuwa mai laifin aka bar shi a sahun gaba. Addininmu ya koyar da suturta mai kuskure, gaskiya ne, amma bai ce a suturta zalunci a bar wanda aka zalunta yana kuka ba.

Shirin yana da nasa rauni. Tsakiyarsa ta yi jan ƙafa, kuma masifun da suka taru a gida ɗaya sun yi yawa. Amma Kim Hyun-joo, wadda ta fito a matsayin matar, ta iya wasa da shiru. Fuskarta kaɗai ta isa.

Ka kalla tare da uwargida, sannan ka rubuto mini ɓangaren da ka ɗauka, nawa ko na maman yara. Ka gaishe ta da kyau, ka shafa mini kan yara. Kilishin da ka ce, zan ba duk wanda zai taho wajenku bayan sallah, in sha Allahu.

Naka har kullum,
Amininka