Ki Koma Awo, 'Yata

'Yata ƙaunatacciya,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya maigidan, yaya yaran, yaya kuma nauyin jiki? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Babanki ta yi sauƙi har ya koma zuwa addu'ar safe da kansa, sandar ce dai har yau yake jin kunyar riƙewa a gaban mutane.

Da gangan na ƙi kiranki a waya, don na san halinki. Da na ɗauko magana mai nauyi sai ki ce tukunya na kan wuta, ko ƙaramin ya farka, ko "Mama, zan kira ki anjima", anjimar da ba ta zuwa. Wannan kuwa sai kin karanta ta har ƙarshe, ko da ranki zai ɓaci.

Ƙanwarki ta dawo, kuma kada ki kuskura ki kira ta da faɗa. Ba tsegumi ta kawo ba, ni ce na tsare ta da tambaya har ta rasa hanyar zillewa. Da farko ma yabonki ta yi ta yi. Ta ce gidanki tsaf, yara ba sa kwanciya sai an yi addu'a an maimaita ayar haddace, baƙo kuma ba ya shigowa ya fita bai ci ba. Har cewa ta yi hannunki a girki ya wuce nawa. Wannan kam sai na zo na ɗanɗana kafin in yarda. Na yi murna, na gode wa Allah da tarbiyyar ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Da ta fara lissafa mini yadda yininki yake tafiya ne murnar ta soma komawa ciki. Tun da duhu kin tashi kin ɗora na safe, kin haɗa wa yara na makaranta, kin yi wanki a sunkuye, kin tafi wurin aiki, kin dawo ko zama ba ki yi ba kin sake hura wuta. Ga zumuntar mata, ga koyon waƙa, ga gaishe da marasa lafiya, kuma duk taron da za a yi a coci ke ce mai babbar tukunya. Duk wannan da cikin wata shida. Ta ce sai kin zuba wa kowa sannan ki kankare gindin tukunya ki ci a tsaye, wata rana ma ki ce azumi kike yi. Na san abin da za ki ce, za ki kawo mini macen kirki ta Karin Magana sura 31, wadda take tashi tun da sauran dare. To ki ƙarasa karanta aya ta 15 ɗin. Matar nan tana da barori mata da take rarraba wa aiki. Ke wa kike rarraba wa? Azumi kuwa, ba wanda ya ɗora wa mai juna biyu shi. Iliya ma da ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa mala'ika ya kawo masa, ya ci ya koma barci, aka sake tashe shi ya ƙara ci.

Ta ce kuma hannunki ya yi nauyi a gishiri, wai don maigidan ba ya son abinci salam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya ma bai cika ba, kuma lissafin ya haɗa har da wanda yake cikin dunƙulen ɗanɗano da kayan gwangwani. Ki rage a tukunya, wanda yake son ƙari ya barbaɗa a kwanonsa. Gawayin nan kuma da kike hurawa cikin kicin taga a rufe idan gas ya ƙare, ki daina. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa.

Duk waɗannan da zan iya haƙura har mu haɗu. Abin da ya hana ni barci shi ne maganinki. Ƙanwarki ta ga kwalin a saman firji, ƙura ta rufe shi, ƙwayoyin suna nan cif a cikin ledarsu. Da ta tambaye ki, kin ce kin miƙe a gaban jama'a kin ba da shaida cewa an warkar da ke daga hawan jini a taron farkaswa, don haka komawa ga magani rashin bangaskiya ne. Ta ce katin awonki ma tun watan huɗu ba a sake rubuta komai a ciki ba.

Daga nan na koma na buɗe hoton da kika turo na ranar godiya, na yi ta ƙara girmansa da yatsa. Kowa yana yaba ɗinkin, ni kuwa hannunki nake kallo. Babu zoben aurenki, sai shatinsa a yatsa. Ke da ko kwaɓa kike yi ba kya cire shi. Ƙasan idanunki ya tasa, fuskar ta cika irin cikar da ba ta ƙiba ba. Na san wannan fuskar, 'yata. Na gan ta a madubi lokacin cikin ƙaninki, na kuma gan ta a jikin Inna Ƙarama. Ba sai na tuna miki ba. Kin san yaran da na raina tare da ku, kin san abin da ya kawo su gidanmu.

Hawan jini ba ya sallama. Mace tana iya yawo da shi tana waƙa tana girki ba ta jin komai, shi ya sa "ai lafiyata ƙalau" ba hujja ba ce. Na'ura ce kawai take faɗa, kuma daga 140 bisa 90 ya hau, idan ya kai 160 bisa 110 kuwa maganar gaggawa ce, ba ta jiran gobe ba. Ga mai ciki, bayan mako 20 yana iya rikiɗewa ya taɓa ƙoda da hanta, ya rage jinin da yake isa ga jariri ta mabiyiya, ɗan ya ƙi girma ko a haife shi bai isa ba. Ƙarshensa shi ne jijjiga, wadda wasu suke kira taune-taune. Macen da dama tana da hawan jini tun kafin ciki, da wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi, su ne a sahun gaba. Ke kin haɗa biyun. Shi ya sa a wurin awo suke gwada jini su kuma karɓi fitsari kowane zuwa, ba don su ɓata miki yini ba. Da can sau 4 ake cewa mace ta je, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi aƙalla sau 8. Ke kuwa mai irin lalurarki ma ya kamata ki fi haka.

Yanzu bari in zo kan bangaskiyar, tunda da ita kike so ki rufe mini baki. Ni ce na koya miki Addu'ar Ubangiji kina tsaye a kan cinyata. Na gaskata Allah yana warkarwa, na ga ya yi, kuma ba ranar da ba na durƙusawa da sunanki a bakina. Amma wa ya gaya miki cewa magani abokin gāban addu'a ne? Sarki Hezekiya ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, bai ce ya tuba ya bar sana'ar ba. Kutaren nan goma da Yesu ya warkar, cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci, wato waɗanda aikinsu ne su duba su tabbatar. Idan an warkar da ke, me kike tsoro? Ki je ki miƙa hannu a ɗaura miki abin awo. In lambobin sun sauka, likita da kansa zai faɗa, shaidarki ma ta ƙara ƙarfi, ni kuma in zo in yi rawa a gaban bagade. In ba ki je ba, to ba bangaskiya kike nunawa ba, gwada Allah kike yi, kuma kin san amsar da Ubangiji ya ba Iblis a kan tsororuwar Haikali.

Shi kuma baƙon mai wa'azin da ya ce ku zubar da magunguna, ƙanwarki ta ce da gilashi a idonsa yake karanta Littafi Mai Tsarki. Ban ƙara komai a kan wannan ba. Ya gama taronsa ya kama hanya, ba zai san ranar naƙudarki ba, ba shi zai tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa ba. Kuma ina jin haushinki, gara in faɗa miki. Da karatunki da hankalinki, ki ɗauki ranki da na abin da ke cikinki ki ajiye a saman firji don kada matan zumunta su ce shaidarki ta ƙarya ce? Su za su raina miki yaran? Za su zo da kwanuka mako ɗaya, su yi waƙa, su yi kuka na gaskiya, sannan kowa ta koma gidanta. Na ga yadda ake yi. Ni kuma na tsufa, ba ni da ƙarfin sake raina marayu, ba ni kuma da zuciyar binne 'yata. Kada ki sa ni.

Kin taɓa ce mini ni ce na koya miki rashin zama, wai ba ki taɓa ganina a zaune ba sai a coci. Ba zan ba da haƙuri kan wannan ba. Kin san bakunan da nake ciyarwa a lokacin, kin san inda Babanki yake a shekarun nan, in na zauna wa zai tashi? Amma ki tambayi duk wanda ya san ni, ranar awo ko sama za ta faɗo sai na je, da ƙaninki a ciki da ke a baya. Abin da ya sa nake raye nake rubuta miki ke nan. In za ki yi koyi da ni, ki ɗauka duka.

To, na yi faɗan, ya isa. Na san ba taurin kai ne kaɗai ba. Na san kina tsoron kada ƙwayoyin su taɓa jaririn, kuma tsoron nan ba na banza ba ne, domin akwai magungunan hawan jini da ba a ba mai ciki. Amma akwai waɗanda aka daɗe ana ba masu ciki lafiya, irin su methyldopa da labetalol da nifedipine, likita ne zai duba ya sauya miki. Don haka kada ki koma kan tsohon kwalin nan da kanki, ki ɗauke shi ki tafi da shi asibiti su gani. Ki gaya musu gaskiya tun yaushe kika daina, ki gaya musu labarina da na Inna Ƙarama. Faɗan ma'aikaciyar jinya ba ya kisa. Idan kanki na ciwo kuma kada ki sayi ibuprofen ko diclofenac ki sha, suna ƙara hawan jini, ba su kuma dace da mai ciki ba.

Maganar shaidar kuma, ba wanda zai kore ki daga ikkilisiya don kin je asibiti. Ki sami matar Fasto ki yi mata bayani a keɓe. Mace ce, ta haihu, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki roƙe ta ta sauke miki girkin taro har sai kin haihu kin warware, don ciwon nan yana iya tasowa ko bayan haihuwa, har zuwa mako shida.

Ki nuna wa maigidan wannan sashen, shi ma ya sani. Idan kika ji ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, ko kika ga gani ya dushe ko wasu ƙyalli-ƙyalli suna gilmawa, ko ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko fuska da hannuwa suka kumbura farat ɗaya, ko numfashi ya yi wuya, ko motsin ɗan ya ragu, to ba a jiran gari ya waye. Ku kama hanya, ku yi addu'ar a cikin mota. Babanki zai kira shi su yi magana irin tasu ta maza. Mutumin kirki ne, ina jin dai ya saba ganinki a tsaye ne har ya ɗauka ba kya gajiya. Ba abin da zai ragu a jikinsa idan ya dafa na dare ko ya yi wa yara wanka.

Zan aiko miki da na'urar awo irin ta Babanki, mai ɗaurawa a dantse. Kada ki gwada kina fitowa daga kicin da gumi. Ki zauna minti 5 tukuna, bayanki a jingine, tafin ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannun a kan tebur daidai ƙirji, kuma ki yi shiru, in za ki iya. Ki rubuta lambobin biyu a littafi safe da yamma. Amma kada ki jira ta iso, gobe ki je awo, in kin fito ki turo mini abin da suka samu, na sama da na ƙasa, da hoton katin, don "lafiya lau, Mama" ba za ta ishe ni ba.

Ina nan zuwa da zarar Babanki ya ga likitansa na ƙarshen wata, kuma zan zauna har ki haihu. Kada ki yi mini wani shiri, kada ki dafa komai, ni zan karɓi kicin ɗin ko kina so ko ba kya so. Ki gaya wa babbar 'yarki cewa rigarta saura hannu ɗaya in gama, zan zo mata da ita. Ki gaishe mini da maigidan da kyau, Babanki ma yana gaishe ku duka.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ni ce,
Mamarki