Gyara kan zancen nikotin da kansa

Malam edita, assalamu alaikum, da fatan ana lafiya, ya zafin Damagaram.

Na saurari shirinku na lafiya da kuka yi kan taba, Allah ya saka, amma akwai inda baƙonku ya ce wai nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba, ita ce ke sa ciwon kansa, to tun daren nan muke gardama a fadarmu nan Birni har shayi ya huce ba a gama ba, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Hukumar binciken kansa da ke Liyon a Faransa, ta ƙarƙashin OMS wato Hukumar Lafiya ta Duniya, ba ta sa nikotin cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansa ba. Abin da ke ɓarnar shi ne hayaƙin, in an ƙona ganye sinadarai sama da 7,000 ke fita, wajen 70 cikinsu an san suna haddasa kansa, akwai kwalta, akwai benzin, har da arsenik. Ai da nikotin ce ke yin wannan aiki da OMS ba ta sa cingam ɗinta da abin mannawa a fata cikin magungunan taimakon masu son barin taba ba.

Amma fa kar samari su ce an wanke ta. Nikotin ce igiyar da ke ɗaure rago, hayaƙi ne wuƙa, ita ke sa mutum ya rantse ya bari bayan azumi, ran sallah da yamma ka gan shi gaban mai tebur yana neman kara ɗaya. Tana sa bugun zuciya ya ƙaru, tana tada tansiyo, tana cutar da ɗan da ke ciki, kuma ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa ba ta jure ta. Gwaje-gwajen da aka yi kan dabbobi ma sun nuna tana iya taimaka wa ƙari ya girma in dama akwai shi. Ɗan wana ɗan kabu-kabu ne, ya sayo irin sigarin nan na lantarki mai ƙamshin mangwaro wai tururi ne kawai, yanzu ko fasinja ya ɗauka abin na aljihu.

Abin da ya fi damuna shirinku bai taɓo taba gari ba sam, wadda tsofaffinmu ke dasawa a leɓe da kanwa suna cewa ai su ba sa shan hayaƙi. Ita babu wuta babu hayaƙi amma an tabbatar tana kawo kansar baki da ta maƙoshi, saboda tun wajen shanya ganyen da sarrafa shi wani ɓangare na nikotin ke juyewa ya zama sinadarin da ake kira nitrosamin, shi kuwa mai kawo kansa ne. Kawuna shekara da shekaru yana dasa ta, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Don Allah kafin 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba, ku sake gayyato likita ya yi zancen taba gari da shisha da Hausa, ku buɗe layi mu kira.

Naku mai sauraro kullum,
daga Birni, Zinder