Ƙwallon da ke tsallake katanga: a kafa raga, a biya ɓarna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wata matsala da ake rainawa, alhali tana ɓata zaman maƙwabtaka a unguwanninmu, wato ɓarnar da ƙwallo ke yi wa gidajen da ke jikin filayen wasa.

Gidana na bayan turakun raga na filin wata makarantar firamare a nan Kano. Da an idar da La'asar samari ke cika filin, ba sa watsewa sai an kira Magariba. Duk bugun da ya haure sandar sama a kan kwanon rufinmu yake sauka, ko a tsakar gida. Kwano ya lotsa, ƙusoshi sun ɗago, damina na kamawa ɗakin tsohuwarmu ya fara yoyo har silin ya rufto. Maƙwabcina ya yi asarar farantin sola da ya daɗe yana tara kuɗinsa. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta mai ƙosai da ke zama a gindin katangar: ƙwallo ta faɗa mata cikin kasko, mai ya fallatsar mata a hannu, jikarta na zaune a gefe. Allah ne kawai ya tsare yarinyar. Ga kuma yaran da ke ɗare katanga su diro cikin gida neman ƙwallo ba sallama, mata na tsakar gida suna aikinsu. Wannan ta fi fashewar gilashi ciwo a wurin duk magidancin da ya san darajar iyalinsa.

In ka fita ka yi magana, amsa biyu za ka ji. Ta farko, "Baba, yi haƙuri, ba da gangan ba ne." Ta biyu daga bakin manya take fitowa: "Ai fili ya riga gidanka zuwa."

Na yarda ba da gangan ba ne, kuma haƙuri muna yi. Amma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke cewa a dukiyar mutane ganganci da kuskure ɗaya suke wajen biya. Kuskure na ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwa, ko da yaro ne ya yi ɓarnar. Hadisi na 32 cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ya ce babu cuta babu cutarwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana harbi da tsakuwa a yatsa saboda tana karya haƙori tana fasa ido. Nauyin kiyayewa a kan mai kibiya aka ɗora shi, ba a ce 'yan kasuwa su tashi ba. Ƙwallon manya nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, kuma ƙafar saurayi mai jini a jika ce ke sako ta.

Maganar "fili ya riga gidanka" kuwa, kotunan Ingila, waɗanda dokokinmu na boko suka gaji da yawa daga hukunce-hukuncensu, sun sha fama da ita. A shari'ar Miller da Jackson ta 1977, wani kulob ɗin kurket, wato wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda, ya yi kusan shekara 70 yana wasa a filinsa kafin a gina gidaje a gefensa. Ƙwallaye suka riƙa fasa rufin iyalan Miller suna faɗawa lambunsu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi hana wasan saboda amfanin da jama'ar ƙauyen ke samu, amma ta ce riga zuwa ba ya wanke kulob, ta sa ya biya diyyar fam 400. Kafin nan, a 1951, an wanke wani kulob a shari'ar Bolton da Stone, domin ƙwallo ta fita filin ne kamar sau shida cikin kusan shekara 30, ga kuma doguwar katanga. Ma'aunin ke nan: abin da ke faruwa jefi-jefi tsautsayi ne, wanda ke faruwa kullum an sani an yi shiru sakaci ne. A 1961 ma, a shari'ar Hilder, wani kamfanin siminti ya bar yara suna buga tamaula a filinsa da ke bakin titi, ƙwallo ta fita ta kayar da mai babur ya mutu, kotu ta kama kamfanin da laifin sakaci. Ba yaron da ya buga aka bi ba, mai fili aka bi. Ya kamata duk wanda ke riƙe da makullin fili a ƙasar nan ya san wannan.

Kada a fahimce ni a baibai, ya Edita. Ba na so a rufe filin, kuma zan ja da duk wanda ya nemi haka. Mun ga yadda filayen wasa suka riƙa komawa filotai da shaguna, yara suka koma buga ƙwallo a kan kwalta tsakanin 'yan adaidaita. Saurayin da ya gaji da gudu a fili ya yi Isha'i ya kwanta ya fi mana wanda ke zaune a lungu ba aikin fari ba na baƙi. Garin da ya ga Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, bai kamata ya zama garin da ake korar yara daga fili ba. Haka kuma ban goyi bayan magidantan da ke soka wa ƙwallo wuƙa su jefo ta waje ba. Yaran nan karo-karo suka yi suka saya, kuma daga nan ake fara jifan gida da dare, ƙaramar magana ta kai ofishin 'yan sanda.

Gyaran ba shi da wuya. Tsayin sandar raga daga ƙasa mita 2.44 ne, katangun gidajenmu kuma ba su fi haka da wani abin kirki ba, don haka duk bugun da ya haure sanda ya haure katanga. A sami mai walda ya kafa turakun ƙarfe masu tsayin kamar mita shida a bayan kowace raga, a zuba musu kankare, a ɗaura raga mai ƙwari da ta zarce faɗin gidan gola ta kowane gefe. Inda fili ke da sarari, a juya shi yadda turaku ba za su fuskanci gidaje ba. Ranakun atisaye kuma koci ya mayar da koyon bugun tazara ɓangaren da ba kowa a baya.

Kuɗin fa? Akwai su. Ana shirya gasar unguwa, kowace ƙungiya na biyan kuɗin rajista, 'yan siyasa na sa kofi suna raba riguna masu hotonsu. A ware wani kaso daga kowace gasa, a ajiye a hannun mutum biyu, ɗaya daga 'yan wasa ɗaya daga maƙwabta, a gaban mai unguwa. Da farko a yi raga da shi, abin da ya rage a riƙa biyan ɓarna ba tare da an tsaya tonon wanda ya buga ba. A kuma naɗa mutum ɗaya da aka sani, shi kaɗai zai yi sallama a ƙofa ya karɓo ƙwallo, mu kuma mu miƙa ba tare da zagi ba. Mu maƙwabta a shirye muke mu sa namu, ni da kaina na ɗauki nauyin siminti.

Ina kira ga shugabannin makarantu da masu unguwanni da kansiloli kada su ba da izinin wata gasa a filin da ke jikin gidaje sai an kafa wannan raga. Shugabannin ƙungiyoyin da ke wasa a filinmu kuma, ina gayyatarsu mu haɗu a zauren mai unguwa kafin a buɗe gasa mai zuwa.

Na gode.

Naka,
Wani magidanci, daga Kano