Sanarwa kan ƴan uwanmu mata a guruf

Assalamu alaikum jama'a, admin ne. Don Allah a daina tsare mata da tambayoyi in sun shigo, wai sai yarinya ta lissafo tarihin Batman kaf kafin a yarda tana karanta komik, alhali namiji in ya shigo ba wanda ke masa wannan jarrabawar, daga sallama an karɓe shi. Wallahi abin yana min ciwo, akwai waɗanda suka fita shiru saboda haka.

Ai mata ba baƙi ba ne a harkar nan. Jarumar komik Wonder Woman tun 1941 take. Kamala Khan, Ms. Marvel ɗin da ta samu littafinta a 2014, yarinya ce Musulma ƴar asalin Pakistan a Jersey City, kuma mace ce ta rubuta ta, G. Willow Wilson, da Sana Amanat a matsayin edita. Marubuciya Nnedi Okorafor ta rubuta wa kamfanin Marvel komik ɗin jaruma Shuri a 2018. Mu kuwa ƴan Zazzau ma bai kamata a gaya mana ba, jaruma Malika ta komik ɗin Roye Okupe daga tarihin Sarauniya Amina aka samo ta.

Daga yau duk wanda ya yi wa wata ba'a zan masa gargaɗi sau ɗaya, in ya sake na cire shi. Musayar littattafai tana nan ranar Asabar a Samaru, mun dawo da ita ƙarfe 4 bayan la'asar don mata su koma gida kafin magariba. Mai zuwa ya rubuta sunan littafin da zai kawo.