Godiya ga masu gyaran wutar mota na bayan tashar Tahoua

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Maigidan garejin gyaran wutar mota da ke bayan tasha a Tahoua, wanda ke ƙarƙashin inuwar dogon yaro, tare da yaransa baki ɗaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali, ya kuma zafi? Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne saboda godiyar da na yi muku da baki ba ta ishe ni ba. Yaba kyauta tukuici, kuma ina so masu tsofaffin motoci irina su san cewa a garin nan akwai inda ake auna waya kafin a yanke ta.

Motata Golf 3 ce, irin waɗanda aka fara ƙerawa a 1991, ta sha aiki a Turai kafin ta iso hannuna. Sana'ata albasa, don haka rabin rayuwata a kan hanya take: Tahoua zuwa Badaguichiri, in sauka Tsernaoua, in karya gabas ta Malbaza har Galmi. Wanda bai saba doguwar tafiya shi kaɗai ba zai ɗauka rediyon mota kayan ƙawa ne. A wurina shi ne abokin hira. Da shi nake jin labarai da sanarwa, da shi nake sauraren karatun Alƙur'ani da asuba, lokacin kokowar takobi kuwa ba na yarda a wuce ni. Uwa uba, shi ke kore min gyangyaɗi bayan azahar.

To wannan rediyo sai ya shiga ba ni wahala ta kowace fuska. Duk sa'ad da na zare makulli sai ya manta tashoshin da na ajiye, agogonsa ya koma sifili. In injin na aiki, wani siririn kuka ke fitowa daga lasifika, ina taka totur yana ƙara tsini. In na hau gargada, sautin gefen direba ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, wani lokaci ma duka motar ta yi tsit alhali fitilar rediyon na kunne. Ko sa'ad da komai ke aiki, muryar ba ta da kauri ko kaɗan. Duk wanda na gaya wa, amsa ɗaya ce: rediyon ya mutu, sayi sabo.

Maigida, abin da ya fara burge ni shi ne kuna da sababbin rediyoyi jere a shagonku, amma ba ku ko nuna min su ba. Tambayoyi kuka yi ta yi. Yaushe yake mantuwa, da an kashe inji ko sai an zare makulli? Kukan yana nan in injin na kashe? Sautin yana ɗaukewa a kan kwalta mai santsi ko sai a rami? Da na amsa, kuka ce wannan ba ciwo ɗaya ba ne, kuma da wuya laifin ya zama na rediyon. Sannan kuka sa yaro ya cire kan batir na mas, wato wanda ke haɗe da jikin ƙarfen mota, kafin a taɓa komai a tablo, allon gaban direba inda rediyo yake.

Da aka zaro rediyon, abin da ke bayansa ba kyan gani. Wayoyi an murɗe su da hannu an naɗe da sikoc, zafin Ader ya narkar da sikoc ɗin ya koma danƙo baƙi mai kama yatsa, ƙura ta manne a kai. Kuka mayar da kan batir, kuka ɗauko na'urar awon wuta. Batir ya nuna volt 12.6 injin na kashe, da aka tayar ya haura 14 da ɗan kaɗan. Kuka ce batir da altanato mai yi masa caji lafiyarsu lau, a bar su, a koma bayan rediyo.

A nan na koyi abin da ban taɓa sani ba duk shekarun da na yi ina tuƙi. Rediyon kasuwa, wato wanda ake saya a ɗaura wa mota, yana shan wuta ta waya biyu. Rawaya tana son wutar batir kullum, dare da rana, ita ke riƙe masa tashoshi da agogo. Ja kuma sai an murɗa makulli take samun wuta, ita ke gaya masa ya tashi. Baƙa ita ce mas, mai komawa jikin ƙarfen mota. Kuka ɗora tsinken na'urar a kan rawaya, kuka ce in zare makulli. Nan take lambar ta faɗi ƙasa. Kuka ɗora a kan ja, sai ga volt 12 zaune babu makulli. Kuka bayyana min cewa a mahaɗin rediyo irin na Turai, rami na 4 da rami na 7 su ke ɗauke da waɗannan wutar biyu, kuma motocin Volkswagen da Opel na wancan zamani da yawa sun jera su akasin yadda rediyon kasuwa ke tsammani. Ba lalacewa ba ce, tsarinsu ne haka. Shi ya sa masu ƙera rediyo ke sa ƴan mahaɗai a tsakiyar ja da rawaya, don a cire a musanya. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Aka ajiye tasha, aka zare makulli, aka mayar, tashar na nan.

Sai kuka zaro fuzibil ɗin da ke bayan rediyon, fuskarku ta canza. Ya daɗe da ƙonewa, wanda ya ɗaura rediyon tun farko ya naɗe shi da zaren tagulla ya mayar. Ba ku ambaci sunan kowa ba, ba ku zagi kowa ba, amma kun kira yaranku duka kuka nuna musu. Kuka ce fuzibil an yi shi ne don ya mutu a madadin waya. In aka hana shi mutuwa, wayar ce za ta yi zafi a bayan tablo, inda roba da soso suke, inda kuma direba ba ya gani sai hayaƙi ya fito. Na tuna buhunan da nake lodawa da mutanen da nake rage wa hanya, jikina ya yi sanyi. Kuka sa sabo ja mai amper 10, daidai da abin da aka rubuta a jikin rediyon, kuka ce kada in yarda a sa min shuɗi mai 15 ko rawaya mai 20 wai don ya fi ƙarko. Ni dai a ganina, ko wannan kaɗai kuka yi min, kun ci kuɗin aikinku.

Kukan nan mai bin totur kuwa, kun ce muryar altanato ce. Wutar da yake samarwa ba ta fita sumul, akwai ɗan kaɗawa a cikinta da ke ƙaruwa da gudun inji, kuma in mas ɗin rediyo ba shi da kyau sai kaɗawar ta sami hanyar shiga sauti. Aka bi baƙar waya, aka tarar an ɗaure ta a wani ƙarfe mai fenti da tsatsa, da kusa mai lilo. Akwai ƴar na'urar tace ƙara da ake sayarwa, kuna da ita, amma kuka ce ba a fara da ita, domin ɓoye ciwon take yi. Aka kankare wuri har ƙarfe ya fito fari, aka gajarta wayar, aka sa mata zobe aka ɗaure tam. Aka wanke kawunan batir, aka duba kaurarar wayar da ta haɗa inji da jikin mota. Kuka ce in kukan ya rage bayan wannan, sai a tuhumi altanato kansa. Na taka totur har injin ya yi ruri, ba mu ji komai ba sai muryar mai labarai.

Ɗaukewar sauti ita ta fi cin lokaci, kuma ita ta fi nuna min haƙurinku. Kuka auna lasifikar dama, ta nuna kusa da om 4, yadda ya kamata. Ta hagu kuma lambar na tsalle. Sai kuka ce wa yaro ya riƙa buɗe ƙofar direba yana rufewa a hankali, idonku na kan na'ura. Ƙofar na kaiwa rabi, lambar ta ɓace. Kuka janye robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Waya ɗaya ta karye a cikin rigarta, daga waje ba ka ganin komai sai ka ja ta ka ji ta miƙe kamar ba ƙarfe a ciki. Ta biyu rigarta ta goge, tagullar na taɓa ƙarfen ƙofa in an girgiza. Ƙofar direba ita aka fi buɗewa, shekara wajen talatin tana lanƙwasa wayoyin nan, dole su gaji. Kuka ce rediyon zamani ba ya yarda ko ɗaya daga wayoyin lasifika ta taɓa jikin mota. Da ya ji haka sai ya yanke sauti duka don kare kansa, shi ya sa motar ke yin tsit fitila na kunne.

Ƙaramin yaronku ya kama wayar zai murɗe ya naɗe. Kuka dafa kafaɗarsa, ba tsawa, kuka ce, "A'a, ɗauko darma." Kuka sa shi ya zaro tsohuwar gaba ɗaya, ya zura sabuwa mai laushi, ya yi haɗin can ciki inda ba ta lanƙwasawa, ya liƙe da darma, ya zura rigar roba mai tsukewa da zafi. Hannunsa na rawa, kuka bar shi ya gama da kansa. Ni ma ina da ƴaƴa masu neman sana'a, kuma na san ba kowane maigida ke koyarwa haka ba.

Saura rashin kaurin murya. Kuka ɗauko ƙaramin batir na tocila mai volt 1.5, kuna taɓa shi a wayoyin kowace lasifika. Kowacce ta yi ɗan ƙara, takardarta ta turo waje, sai ta baya ta hagu ita kaɗai ta shige ciki. An juya mata waya. Kuka ce kamar mutum biyu ne ke tura mota, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ƙarfinsu na cinye juna. Da aka gyara, sai ga amon ganga ya dawo, muryar mai karatu ta cika motar. Kun kuma nuna min bakin lasifikar baya da rana ta busar ya fara tsagewa, kuka ce za ta ƙara kai ni wani lokaci, in na tashi canzawa in canza biyun tare, masu om 4.

Da aka gama, kowace kusa ta koma raminta, ba a bar tablo yana karkarwa ba. Kuka zuba min guntayen tsofaffin wayoyi da fuzibil ɗin nan mai zaren tagulla a hannu don in ga abin da aka cire. Kuɗin da kuka karɓa bai kusa da kuɗin sabon rediyo ba, wanda da na saya, da waɗannan wayoyin za su sake ba shi ciwon da suka ba na farko. Tun ranar na bi kwalta na bi gargada, na shiga har gonakin albasa, sautin bai ɗauke ba.

Roƙona gare ku, Maigida, ku kafa allo a bakin hanya, domin baƙo zai wuce wurin bai sani ba. Ku kuma ƙara ɗaukar yara gwargwadon hali. Wani maƙwabcina mai Hiyas yana fama da irin kukan nan na totur, na ce masa ya lura da lokacin da yake farawa kafin ya zo, tunda na san tambayar da za ku fara yi masa ke nan. Ni kuma in Allah ya kai mu bayan cinikin albasar bana, zan kawo motar a canza lasifikun baya.

Allah ya sa albarka a hannunku, ya ƙara buɗi, ya raya yaranku su gaje ku, ya tsare ku daga sharrin wuta da ƙarfe. A gaida mutanen gida.

Naku,
Ɗan kasuwar albasa, mai Golf 3,
Tahoua.