Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni amfanin bikin karrama marubucin waƙa

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaye ni a bainar jama'a wai meye amfanin tara mawaƙa a ƙaton zaure su yi ta rera wa dattijo waƙoƙin da shi ya rubuta, ba gara a tura masa kuɗin ya huta ba.

Kuɗi kam a ba shi mana, ai haƙƙinsa ne. Amma wallahi abin da ya fi ci wa marubucin waƙa tuwo a ƙwarya shi ne ɓatan suna, waƙa ta fita duniya ta haddace ta da muryar wanda ya rera, shi kuwa da ya kwana yana goge baiti yana sakewa sai ka ƙura ido a bayan faifai kafin ka ga sunansa da 'yan mitsi-mitsin haruffa.

Dubi Hal David. Shi ke rubuta baitoci, Burt Bacharach na tsara kiɗa, Dionne Warwick na rerawa tun shekarun 1960, mutane nawa ne suka san muryarta amma ko fuskarsa ba su sani ba? Sai 2012 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ba shi da Bacharach kyautar Gershwin ta karrama masu waƙa, aka yi bikin a fadar White House, amma David bawan Allah rashin lafiya ta hana shi zuwa, matarsa ce ta karɓar masa, a watan Satumba na shekarar ya rasu yana da 91. Abin nan na sosa mini rai sosai, an makara.

Ita kuwa marubuciyar waƙa Carole King ta ga nata bikin da idonta. A bikin karramawa na Kennedy Center na 2015 mawaƙiya Aretha Franklin ta zauna kan fiyano ta ɗauko waƙar da King da Gerry Goffin suka rubuta mata a 1967, can ta miƙe ta yar da rigar gashinta a ƙasa, King na sama ta rasa inda za ta sa kanta don murna, Obama na share hawaye. Daren nan da yawa suka fara sanin wa ya rubuta waƙar.

Inda zan bi bayanka shi ne bikin da mawaƙa ke zuwa nuna kansu kawai. Ni dai a faɗi sunan marubucin kafin kowace waƙa, a kuma yi bikin yana da sauran ƙarfin hawa dandamali.