Wasiƙa daga Kakuri, Kaduna

Assalamu alaikum, abokina.

Ina fata kai da iyali kuna lafiya a Kumasi. Saƙonka ya iso ta hannun ƙaninka, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ya ce ka matsa masa ya faɗa maka halin da nake ciki, bakinsa ya yi nauyi. Bari in sauƙaƙa masa.

Ciwon daji ne a hanta. Likitoci sun ce tushensa ƙwayar hefatayitis B ce, wadda kan shekara da shekaru a jikin mutum ba ta nuna alama ba. Kafin a gano, abin ya wuce a yi aiki. Yanzu rage raɗaɗi kawai ake yi: a ba ni mofin, in ciki ya tara ruwa a zuƙe. Na rubuta wasiyya, na biya bashin da ake bi na. Don Allah ka sa 'ya'yanka su yi gwajin, akwai allurar rigakafi, kada ka yi wasa da wannan.

Abin da na fi son ka sani shi ne labari nake rubutawa. Ƙagaggen labari, a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Wata yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu, mahaifinta yana aiki a masaƙa nan Kakuri, kullum ita ke kai masa abinci bakin ƙofa. Na ajiye labarin a 1978, lokacin da masaƙun ke aiki dare da rana. Ka san masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, tun 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna, aka rufe a 2002, masaƙar UNTL, wato United Nigerian Textiles, ma ta tsaya a 2007. Yaran yanzu suna wucewa ta gefen katangun ba su san abin da aka yi a ciki ba. Ni kuwa da na rufe ido sai in ga ma'aikata suna fitowa bayan jiniya, burbushin auduga a gashinsu da girarsu, suna magana da ƙarfi don ƙarar injin saƙa ta toshe musu kunne, kekuna jere kamar ranar kasuwa.

Da dare ciwon ya fi tsanani, daga ƙarfe biyu zuwa kiran assalatu. A da ina kwance ne ina sauraron jikina, kowane motsi in ce ko shi ke nan. Yanzu sai in jawo littafin. Raɗaɗin yana nan, ba zan ce maka ya tafi ba, amma hankalina na wurin yarinyar: za ta tsallake titin jirgi kafin tuwon ya huce? Me za ta ce wa mai gadi? Da rana kuma duk wanda ya shigo, "Ya jiki?" ne, in ce "Da sauƙi." Ina jin daɗin zuwansu, Allah ya sani. Sai dai na zama majinyaci a idon kowa. A cikin littafin nan ne kawai ake jiran in yi wani aiki.

Wani ɗan'uwa ya yi mini nasiha cewa wanda ke kan wannan gaɓar ya fi dacewa ya riƙe carbi. Na gode masa, don ƙauna ce ta sa ya faɗa. Carbina yana hannuna, Alƙur'ani yana gefen matashi. Rubutun bai rage mini istigfari ba, tsoro ya rage mini, mutum kuwa ya fi natsuwa a sallah in zuciyarsa ba ta rawa.

Akwai abin da ya faru da nake so ka ji. Hannuna kan yi rawa, don haka autata ce ke kwafe rubutun a waya. Na kai inda mahaifin yarinyar ya kwanta ciwo, ya kira ta yana gaya mata inda ya ajiye takardun gida, da cewa kada ta bar makaranta, da cewa bai taɓa nadamar haihuwar mace ba. Duk maganar da na kasa faɗa wa iyalina ce na sa a bakinsa. Tana cikin kwafewa ta tsaya, ta ajiye wayar, ta ce, "Baba, da ni kake." Na ce da ke nake. Ta kira uwarta, muka zauna mu uku. Ran nan muka fara maganar mutuwata a fili, aka yi kuka, aka kuma shirya abin da ya kamata a shirya.

Yanzu ga roƙona. Kai ka yi aiki a ɗakin saƙa, ni daga waje kawai na sani. Ka yi mini saƙon murya ta WhatsApp: yadda ake karɓar aiki in masu aikin dare suka canji na rana, abin da ake yi in zare ya tsinke, abin da kuke kiran shugaban sashe, da yadda ranar albashi take. Kada ka tace, faɗi yadda ya zo maka. Ka ɗan hanzarta, don ƙarfina yana raguwa. In ban kai ƙarshe ba, na ce wa auta ta turo maka abin da ya samu.

Ka yafe mini duk abin da na taɓa yi maka, ni na yafe. Ka gaida Hajiya da yara, ka sa ni a addu'a.

Naka har kullum,
Abokinka